Waya Biyu a Foraj ɗin Agali

Kwana biyu, Balkisa? Kin ce cikin kwana biyu kunka gama wannan zane, ke da abokan karatunki, har kuna tambayata ko in aika a buga maku shi gobe? To, sannunku da aiki. Ku jawo benci ku zauna, ku rufe ordinatar ɗin nan, kwamfutar taku, tukuna, don ba inda zan aika shi. Ni Isuhu, da duk Dakoro ke kira Mai Radiyo ko da yake rabona da gyaran radiyo an jima, a kan irin wannan ɗan karti, allon haɗa kayan lantarki, gashin kaina ya yi fari. Zanen nan naku kuwa na san shi, don na taɓa yin irinshi sak, kuma saura kaɗan ya raba wani dattijo da abincinshi da mutuncinshi gaba ɗaya.

Ku fara sanin abin da kuke ginawa, don na lura ba ku sani ba. Ƴar ordinatar ɗin nan mai allo guda, wadda ba ta fi tafin hannu ba, da haƙoranta take magana. Ɗaya na faɗi, ɗaya na saurare, da kuran, wato wutar lantarki, ɗan mitsitsi, bolt ukku da ƴan kai. Akwatin da ke tuƙa pampo kuwa wata irin magana yake yi, ta waya biyu da ake kira A da B, yana aiko labari ɗaya bayan ɗaya kamar awaki na fita ta ƙofa guda. In ka haɗa su kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Kartinmu tafinta ne a tsakaninsu. Dole ya san lokacin da zai yi magana da lokacin da zai yi shiru ya saurara, dole saurinshi ya yi daidai da na akwatin, dole a sa rezistans a ƙarshen layi don maganar kada ta dawo ta rikita kanta. Wannan duka kun yi shi daidai, ban hana maku ba. Ai shi ne mai sauƙin, kowa na iya kwafo shi.

Ni ba a lakwal, makarantar boko, na koya ba. A Maraɗi na koya, wajen ubangidana Malam Habu, Allah ya jiƙan shi, mai gyaran radiyo a bakin kasuwa. Ƙarfen dalmarmu a garwashi muke gasa shi. Ka ɗauko, ka liƙa ƙafa biyu, ya huce, ka mai da. Wata ukku na yi ban liƙa komai ba, sai cire kaya daga matattun radiyo ina jerawa a gwangwanin tumatir. Da ya ga hannuna ya daina rawa, sai ya aike ni sayen jan farce. Wallahi jan farce, na mata! Da shi muke zana hanyoyin kuran a kan allo mai fuskar jan ƙarfe, mu tsoma shi cikin ruwan asid a tsohon kwano, duk inda ba jan farce ya cinye. Matar da ke saidawa kullum sai ta tara mani jama'a: "Ga ango ya zo! Yau wace kala amarya ke so?" In sunkuyar da kai in biya in wuce. Ramukan kuma da wayar keke da munka wasa muke huda su, ɗaya-ɗaya, har yatsa ya yi kanta.

Malam Habu ba ya faɗa da yawa. Abu guda ke tunzura shi: ka ce ga abin da ya lalace ba ka auna ba. Mutum ya kawo radiyo, ka yi saurin cewa ai lasifika ce, sai ka ji rankwashi a tsakar ka. "Ɗauko mita. Auna tukuna, sannan ka buɗe baki." Na ji wannan magana ta fi sau ɗari. Ku riƙe ta, za ta dawo cikin labarin nan.

Kartin farko da na zana a ordinatar na aika waje anka buga mani, har yau yana cikin akwatin can, ban yar ba. Sati shida na jira. Ya bi jirgi, ya bi mota, ya kwana cikin kayan wani ɗan kasuwa mai safarar hatsi, ya iso Dakoro kore shar, gwanin kyau. Na ɗora shi a kan haƙoran nan arba'in, na kunna, sai wari. Ashe wurin zane na manta cewa kartin kife shi ake yi a kan ordinatar, na zana mazaunin haƙoran a juye, dama ta koma hagu. Guda goma anka bugo, goman duka haka. Yanzu kafin in aika komai sai na buga zanen a takarda, in yanke da almakashi, in kifa a kan abin da gaske in gani da idona. Kun yi haka? Ba ku yi ba. Ku daina kallon juna.

Masu kawo aiki kuma, kada ma a fara. Kowa ya shigo sai ya rantse ba wanda ya taɓa, ka buɗe ka tarar da tabon dalma irin na mutum ukku. Wani a Kornaka ya rufe mani karti cikin akwatin ƙarfe ya ajiye a rana tsaka, ya dawo yana cewa kayana ba su da ƙarko. Wani a Sabon Maci, a rumbun wake, ƙadangare ya shige mashi ya mutu a kan haƙoran, shi ma laifina ne. Waɗannan duka ana dariya a wuce. Wanda ba a yi dariya ba shi ne na foraj, wato rijiyar burtsatse.

Wata mata ce, Madam Hadiza, mai kula da wani proje, shirin samar da ruwa, ta zo nan shagon. Suna da foraj a arewa, wajen Tagriss, mai pampo mai aiki da hasken rana, inda makiyaya ke shayar da bisashe. Da rani garke kan yi yawa, kowane da ranarshi, kuma faɗa ba ya ƙarewa a kan wa anka buɗe ma ruwa da wa anka hana. Tana son ƴar ordinatar ta riƙa tambayar akwatin pampo yaushe ya tashi, yaushe ya tsaya, ruwa nawa ya hau, ta aiko da mesaj, wato saƙo, a salularta da ta shugaban komite ɗin foraj. Kuma tana so kafin zafi ya kankama.

Na je na duba wurin. Rezo na salula ba ya kamawa a ɗakin pampo, sai can kan tudu inda shato, babban tankin ruwa, yake, taki kamar ɗari. Don haka ordinatar da ɗan panonta na hasken rana a ƙafar shato za su zauna, a ja waya ƙarƙashin rairayi zuwa akwatin pampo. A nan na yi abin da kunka yi. Takarda ta ce waya biyu sun isa, A da B. Gaskiya ne, amma da sharaɗi: sai in ɓangarorin biyu na tsaye a kan ƙasa guda, sifirin wannan daidai da sifirin wancan. Don haka masu hankali ke ƙara waya ta ukku ta haɗa sifirin, ko su sa ƙwayar da ke raba ɓangarorin, magana ta wuce ta haske, kuran bai wuce ba. Na san da wannan sarai. Amma wayar da ke kasuwa mai biyu ce, ƙwayar kuma sai an jira wani sati shida, ga Madam na bugo waya safe da yamma. A kan teburin nan na gwada, ya yi aiki tsaf. Na ce ai ƙasar Allah ma waya ce, ita za ta zama ta ukku.

Ranar kafawa na ɗaure ɓangaren ordinatar da ƙafar shato, wadda kullum a jiƙe take saboda ɗigo. Ɓangaren pampo kuma na kafa mashi turken ƙarfe a gindin bangon ɗakin, ta gabas, inda inuwa ke sauka da yamma. Rairayin can busasshe ne ƙayau, kuran ba ya bin shi. Sai na yi yadda duk mai aikin kuran ke yi a ƙasar nan: na gina rami, na zuba gawayi da gishiri rabin buhu, na kwarara ruwa, na kafa turke, na binne. Ƴar koriyar fitilar kartina ta fara ƙifce, mesaj ya shiga salular Madam. Har tafi anka yi mani.

Mai riƙon makullin foraj ɗin shi ne Baba Agali. Buzu ne, dogo, siriri, rawaninshi har hanci. Da yana da raƙuma da awaki, wata shekarar fari ta share su, ya rage daga shi sai tsohuwar matarshi da jikoki. Jama'a sunka ba shi makullin saboda ba wanda ya taɓa jin ƙarya a bakinshi, Filani da Buzaye da Hausawa duka sun yarda da shi. Makullin a wuya yake rataye shi da igiyar fata. Da wannan aikin gidanshi ke ci, ba wani.

Sati ukku abin na tafiya lafiya. Sai mesaj ya canza. Kullum abu guda: pampo bai amsa ba, pampo bai amsa ba. Madam ta bugo. Na kira Baba Agali, don ƴar salularshi a ƙusa take rataye jikin shato, na ce mashi gobe ina tafe. Na hau moto, babur ɗina, rabin yini cikin rairayi, na isa bayan azahar jiki duk ya mutu. Na tarar ya share gindin bangon nan na gabas tas, ya kwarara ruwa bokiti-bokiti har ƙasa ta yi sanyi, ya shimfiɗa tabarma, shayi na kan wuta.

"Malam Isuhu, sannu da rana. Zauna ka huce tukuna, ƙarfe ba ya gudu."

Na zauna na sha kofi ukku kamar yadda ake yi. Na tashi na hau tudu, fitila na ƙifce abinta. Na duba liƙi, na ja wayoyi, na tambayi akwatin sau hamsin ya amsa sau hamsin. Na ce ƙila wani abu ne ya ɗan saki. Na koma gida. Kwana biyu, pampo bai amsa ba.

Zuwa na biyu na canza kartin. Shara, ruwa, tabarma, shayi, abin na aiki. Ina haɗa kaya Baba Agali ya ce, "Malam, akwatin nan wani lokaci yana ɗan cizona in na taɓa shi."

Na ce, "Hannunka ne da jiƙa, Baba. Ka riƙa gogewa."

Ya ce, "To. Awaki kuma sun dame ni a gindin bangon nan. Kullum sai sun tona, kullum sai na cike."

Na ce, "Ai akuya ba ta da aiki sai ɓarna." Ko waiwayawa ban yi ba. Kun ji? Mutum ya ɗauko amsar ya sa mani a hannu har sau biyu cikin minti ɗaya, mita na rataye a kafaɗata, ni kuma ina tunanin kada rana ta faɗi mani a hanya.

Zuwa na ukku na canza ordinatar ɗin ɗungum. Zuwa na huɗu ba abin da ya rage in canza, na dai zauna na sha shayi na kalli fitila na ƙifce. Abin ya ishe ni. A gari an fara cewa Isuhu ya tsufa, hannu ya fara gardama. Wani aikin da anka yi mani alkawari a likita, wato asibiti, anka ɗauke anka kai Maraɗi. Shekarar nan ba ta yi mani daɗi ba ko kaɗan.

A wannan zuwan ne shugaban komite, Alhaji Idi, ɗan kasuwa mai shanu da yawa a wajen, ya ja ni gefe.

"Mai Radiyo, kai fa yaro ne a wannan harka. Ba ka lura ba? In za ka zo, wa kake gaya mawa?"

Na ce, "Baba Agali."

"To! In ka zo abu na aiki, in ka tafi ya mutu. Tsohon nan zare wayar yake yi, ya buɗe ma danginshi ruwa ba ranarsu ba, kada injin ya tona shi. In ya ji kana tafe ya mai da. Mu mun daɗe da ganewa, kai kaɗai ka rage."

Zan gaya maku gaskiya, maganar ta yi mani daɗi. Ba don na ga alama ba, ban ga komai ba. Ta yi mani daɗi ne don in haka ne, kartina ba shi da laifi.

Da na dawo Dakoro Madam Hadiza ta kira ni biro, ofishinta. Ta ce, "Mushe Isuhu, na gaji. Manyana na tambayata, komite na tambayata. Rapor nake so, rahoto a rubuce. Injinka ne ko mutum ne?"

Na zauna a teburin nan da kuke jingine da shi, na rubuta cewa na auna komai, na'ura lafiya lau take, kuma abin da ke faruwa ya yi kama da sa hannun mutum. Na auna komai! Turken nan ko sau ɗaya ban ɗora mashi mita ba. Da Malam Habu na da rai, da sai ya fasa mani kai.

Ranar kasuwa komite ya taru ƙarƙashin itace kusa da kwamin shayarwa, anka ce in zo. Makiyaya sun kewaye, kowa da sanda a kafaɗa. Wani malamin lakwal ya karanta rapor ɗin ya juya shi da Hausa. Alhaji Idi ya ɗora nashi bayani. Waɗansu sunka fara hayaniya, wani na cewa dama ya ga garken wane ya sha ba ranarshi ba. Baba Agali kuwa ni ya juyo ya kalla.

"Malam Isuhu, kai ka rubuta wannan?"

Na ce, "Abin da na gani na rubuta, Baba."

Ya sa hannu cikin rawani, ya zaro igiyar fatar nan ta kai, ya ajiye makullin a kan tabarma a hankali, ya tashi ya nufi bukkarshi. Anka ba wani surukin Alhaji makullin a take.

Na koma gida ina jiran mesaj mai kyau. Kwana ɗaya, pampo bai amsa ba. Kwana biyar. Kwana goma. Madam ta bugo, muryarta ba daɗi: "To, yanzu kuma wa ke zarewa?"

Na hau moto. Sabon mai gadin na tarar da shi kwance a benci cikin ɗakin pampo yana jin waƙa a salula. Ba shara, ba tabarma, ko sannu da ƙyar. Na hau tudu. A karo na farko tun da anka fara wannan masifa, ga ni tsaye a gaban kartina, fitila a mace. Wayoyi duka a wurinsu, ba wanda ya zare komai.

Sai a lokacin na ɗauko mita kamar mai hankali. Na ja doguwar waya daga ƙafar shato har ɗakin pampo, na auna tsakanin sifirin can da jikin akwatin nan. Allura ta yi tsalle. Pampo na aiki, kuran na yawo a jikin akwatin ba shi da hanyar sauka, ya ɗaga A da B sama da inda ƴar ƙwayar kartina ke iya ji. Na taɓa akwatin da bayan hannu, ya cije ni. Na fito da gudu na zagaya gabas. Gindin bangon ya zama rami, duk sawun kofato. Wata saniya na tsaye tana lasar bango, akuya biyu sun tura baki cikin rairayi. Na kama turken da yatsa biyu, ya fito salin alin kamar tsinke.

Gishiri! Ni da hannuna na binne gishiri rabin buhu a tsakiyar mashayar bisashe, a ƙasar da makiyayi ke tafiyar kwanaki don ya kai garkenshi lasa. Ɗan shekara bakwai a rugga ya san abin da zai faru. Sun tone, sun lashe tas, sun watsa gawayin, turke ya rage tsaye cikin busasshen rairayi ba ya taɓa komai. Baba Agali kullum ya cike ramin ya gyara turken, don ba ya son ƙofar aikinshi da rami, kuma ba wanda ya taɓa gaya mashi amfanin ƙarfen.

Na mai da turken, na ɗebo ruwa bokiti biyu na kwarara, na hau tudu. Fitila na ƙifce. Na sauko na tsaya a gindin bangon da bokiti a hannu ina kallon jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai na ga daidai nan ne tabarmata ke zama. Sau huɗu dattijon nan ya ɗebo ruwa ya sanyaya ƙasa saboda baƙo na tafe cikin rana. Ruwan ya sauka ga turke, injin ya farfaɗo, ni kuma na zauna a kai na sha shayinshi. Kwana biyu rana ta busar da wurin, injin ya mutu. Karamcin da ya yi mani shi na rubuta a takarda na kira shi sa hannun mutum. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban ji ta ba tun daga nan.

Na wuce gidan Alhaji Idi ko ruwa ban sha ba. Ya saurare ni yana ɓata fuska.

"Yanzu so kake in tara mutane in ce mun yi ma dattijo ƙarya? Kai fa ka rubuta, Mai Radiyo. Mu takardarka munka bi."

Na ce, "Ni na rubuta, ni zan faɗa. Kai dai tara su."

"Ba sai an yi taro ba. A gyara abin shiru, bayan kwana biyu a san yadda za a yi da shi."

Na ce, "A gaban jama'a anka karɓe makullin, Alhaji. A gabansu za a mai da."

Ya yi tsaki, ya ce ni na sani. Madam Hadiza kuwa da na bugo mata, ta ce in rubuta wani rapor ɗin, kuma wannan karon in sa sunan mai laifin.

Kasuwa ta zagayo, anka taru a wuri guda. Na kawo turken a hannu. Na ce masu ba wanda ya taɓa zare waya, ni na yi ginin banza, ni na binne gishiri, ni na rubuta abin da ban auna ba. Na kai su gindin bango, na sa anka ga fitila a mace, na mai da turken, na zuba ruwa, anka ga ta tashi. Makiyayan nan dariya sunka yi har da riƙe ciki. Wani tsohon Bafillace ya ce, "Gishiri a nan? Kai, malam, da ka tambaye mu mana!" Na tsaya na sha dariyar, ai na cancanta.

Baba Agali bai yi dariya ba. An aika an kira shi, ya zo ya tsaya daga baya. Da hayaniya ta lafa ya matso.

"Wato ruwan da nake zuba maka ne?"

Na ce, "Shi ne, Baba. Ka yafe mani."

Ya kalli ƙasar. Sannan ya ce, "To." Ya karɓi makullin daga hannun surukin Alhaji, ya rataya a wuya, ya shiga ɗakin pampo ya fara shara.

Na dawo na sake zanen daga farko. Na sa ƙwayar da ke raba ɓangarorin biyu, da ɗan kuran nata na daban. Na nemo waya mai ukku, na jira sati shidan da na ƙi jira da farko. Na sa maƙeri ya yi mani turke mai tsawon mutum biyu, ba gishiri ko ƙwaya, da shingen ƙarfe a kewaye. Shi ya sa, Balkisa, da na buɗe zanenku na ga A da B su kaɗai suna tafiya, na ce a rufe. A kan tebur zai yi aiki, na sani. Ku koma ku sa ta ukkun, ku raba ɓangarorin, kuma kafin ku zana layi ɗaya ku je ku ga wurin, ku tambayi wanda ke kwana yana tashi a can abin da ke damun shi.

Da sabon kartin ya iso na kira Baba Agali na ce gobe ina tafe, kamar kullum. Na isa bayan azahar, zafi kamar ya tsaga kai. Ya share gindin bangon tas. Ga tabarma, ga shayi a kan wuta. Amma ƙasar busasshiya ce ƙayau, na zauna zafinta na ratso tabarma. Na yi aikina, na ɗaura komai, na hau tudu, fitila ta kama ƙifce ba tare da ɗigon ruwa ko ɗaya ba. Na sauko da murna na gaya mashi. Ya ce madalla, ya miƙo mani kofi.

Na so in mai da abin wasa. Na ce, "Baba, yau ba a sanyaya ma baƙo ƙasa ba?"

Ya ɗaga butar shayi sama yana zubawa, bai kalle ni ba.

"A'a, Malam Isuhu. Na bar ta yadda take, don in abinka ya yi magana, a san shi ya yi. In ya yi shiru kuma, a san shi ya yi."

Kartin nan har yau yana aiki, bai taɓa fashi ba. Baba Agali na nan da makullinshi. Duk shekara nakan je in duba, in gaya mashi tun jajibiri. Yakan yi shara, ya shimfiɗa tabarma, ya ba ni kofi ukkuna cif, ya tambayi iyali. Na ga Madam ta je an kwarara mata ruwa a ƙasa. Na ga mai gyaran pano ya je an kwarara mashi. Ni dai tun daga ranar a busasshiyar ƙasa nake zama.